Kwanon da Aka Ware wa Kawu

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a ƙofar gidanmu a unguwar Talaje ta Yamai, kuma duk wanda ya buɗe baki zai yi maganar Kawu, a kan abinci yake ƙarewa. Telolin kasuwar Piti Marshe sun rufe shagunansu sun zo, suka jeru a tabarma ɗaya. Babbansu ya ce, "Duk zamanmu a layi ɗaya ban taɓa ganin ya kai loma baki shi kaɗai ba, sai da ciwon nan ya zo." Wani direban layin Maraɗi da ban taɓa gani ba ya ce ranar da ya fara sauka Yamai bai san kowa ba, yana wucewa da jakarsa sai wani mutum ya daka masa tsawa daga ƙofar gida kamar an kama ɓarawo, ashe tuwo ake kiransa ya ci. Tsohuwar da ke sayar mana da zogale ta shigo tana cewa "fonda tilas", gaisuwar mutuwa ta Zabarmawa, ta zauna kusa da Inna, matar Kawu, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ganyena ya zama maraya."

Maƙwabta sun yi ta aiko da kwanoni, tuwo, shinkafa, masa, fura. Taubashin Kawu, tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, wanda suka tsufa suna zagin juna, ya tsaya a kansu ya riƙe ƙugu.

"Ku dubi mugunta," in ji shi. "Mutum ya yi ta kiwo kamar akuya ba wanda ya tausaya masa, sai da ya kwanta kuka cika masa ƙofa da tuwo."

Aka yi dariya. Shi kuwa ya ja hularsa ya rufe fuska, ya daɗe bai ɗago ba.

Daga nan gardama ta tashi a hankali, irin ta wurin makoki, murya ƙasa-ƙasa. Wasu suka ce likita ne ya rame shi da hana shi hatsi. Wasu suka ce a'a, komawa hatsin ce ta kayar da shi. Ina tsaye da buta ina zuba wa mutane ruwan wanke hannu. Ni na raka shi asibiti tun ranar farko, ni na riƙa fassara masa Faransancin likita, don haka na san abin da ba su sani ba. Amma baki bai taɓa zama ƙarfina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kafin kowa ya tafi da nasa rabin labarin.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ya baro ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi yana saurayi, ya koyi ɗinki, ya zauna. Da na samu shiga jami'a a hayin kogi, gidansa aka turo ni. Ranar da na iso na tarar da akushi a ƙofar gida, baƙi, babba, wanda ya taho da shi daga ƙauye, maza sun kewaye shi bayan magariba. Na gaishe su na koma gefe da jakata. Kawu bai ce mini sannu da hanya ba. Cewa ya yi, "Wanke hannu." Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ban tambayi cikinka ba, hannunka nake so."

Haka yake ce wa kowa. Ba ya fara ci sai akwai wani hannu a akushin. Idan aka ajiye tuwo ba kowa, sai ya zauna yana leƙen hanya, tuwon yana hucewa, Inna tana faɗa daga cikin gida, har Allah Ya kawo mai sayar da ruwa ko mai gyaran rediyo. Ya lura ni mai kunya ne, ina gutsura daga gabana kawai, sai ya riƙa turo mini nama da ɗan yatsa ba tare da ya dube ni ba, yana ci gaba da faɗa da taubashinsa. "Ci, ɗan lekol," yakan ce, wato ɗan makaranta. "Karatu ba ya zama a cikin da ba tuwo."

Ciwon ya shigo da ƙishirwa. Ya riƙa shanye moɗa bayan moɗa, yana yawan zagawa, rigunansa suka yi masa yawa. Inna ce ta lura tururuwa na taruwa a inda ya yi fitsari. Shi bai yarda ya je asibiti ba sai ranar da ya kasa zura zare a allura, ya miƙa wa yaron shago, abin da bai taɓa yi ba.

Likitan saurayi ne, mai magana da sauri. Ya ce ciwon sukari ne. Kawu ya ce in gaya masa shi ba ya shan sukari sai a shayi, shi ma ba kullum ba. Likita ya ce gero ma sukari ne, dawa ma, shinkafa da burodi da rogo, duk idan suka shiga ciki narkewa suke su zama sukari su shiga jini. Ya ce jiki yana da wani ruwa da yake fitarwa, sunansa insulin, shi ke kwashe sukarin daga jini ya kai shi cikin tsoka inda ake buƙatarsa. Na Kawu ya ƙaranta, shi ya sa sukarin ya taru har yana zuba a fitsari. Na fassara a hankali, ina tsoron in ɓata wata kalma. Kawu ya ce, "Wato kaya sun yi wa jakunan yawa. Ko a ƙaro jakuna, ko a rage kaya." Na mayar wa likita. Ya yi murmushi, ya ce duka biyun za a yi: allurar insulin safe da yamma, da kuma rage hatsi. Ya ƙara da gargaɗi, cewa allura da abinci tare suke tafiya. Wanda ya yi allura bai ci ba, sukarinsa zai faɗi ƙasa, kuma wannan yana kisa da sauri fiye da hawan. Ya ce ya riƙa yawo da ƙwayar sukari a aljihu saboda irin wannan rana.

Likita ragewa ya ce. Amma Kawu tela ne, bai san kusan-kusan ba. A ranar ya bar tuwo, ya bar fura, ya bar burodin safe. Ƙwayoyin sukarin ya raba wa yaran unguwa, ya ce ba zai ɗauki abokin gaba a aljihu ba. Inna haifaffiyar unguwar Gawai ce, bakin kogi, ta san kifi ta san ganye. Ta riƙa yi masa kopto, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli irin na Zabarmawa, da ƙwai, da gasasshen kifi, da nono ba fura. Kwalbar insulin ta naɗe ta a tsumma ta rataya a jikin randa saboda zafi, sirinjin gilashi kuwa tana tafasa shi a ƙaramar tukunya da ba a taɓa ta don komai.

Kwanakin farko ya sha wuya, ciwon kai, kasala, faɗa da kowa. Na je laburare na duba, na ga cewa idan jiki ya rasa hatsi sai ya juya ya fara cin kitsensa, kuma kafin ya saba sai mutum ya jigata. Na gaya masa. Ya ce, "Wane kitse? Ka ga kitse a nan?" Amma bayan haka ƙishirwar ta tafi. Idonsa ya dawo, ya karɓe allurarsa daga hannun yaron shago. Akwai ƴar takarda da ake tsomawa a fitsari, idan da sukari sai ta canza launi. Tasa ta daina canzawa. Duk komawar da muka yi asibiti sai likita ya rage yawan allurar, ya ce tunda kayan sun ragu ba a buƙatar jakuna da yawa, don shi ma ya ɗauki maganar.

Abin da likita bai auna ba shi ne akushi.

Da farko Kawu ya gwada zama da mutane, ƙaramin kwanonsa a gefen akushin. Bai yiwu ba. Hannunsa da ya saba yakan tafi tuwon da kansa, sai ya farga ya janye. Baƙi kuma suka kasa sakewa: su ci tuwo mai gida yana kallo, ko su kalli kifinsa su kau da kai. Idan ya tura musu kifin ya kwana da yunwa, idan bai tura ba ya kwana da kunya. Taubashinsa ya laƙaba masa suna akuya, yana kawo masa reshen itacen bedi ya ajiye a gabansa, kuma wannan ne kaɗai ya sa shi dariya a lokacin. A ƙarshe ya rataya labule a lungun zaure. Yakan fito ya tara mutane kamar kullum, ya tabbatar kowa ya sa hannu, sannan ya ce yana zuwa, ya shige bayan labulen inda Inna ta ajiye masa nasa a rufe.

Sau ɗaya na ɗauki tuwona na bi shi. Ya kore ni. Ya ce ƙamshin tuwon zai dame shi, kuma ba a turo ni Yamai don in koyi cin abinci a lungu ba. Na koma waje. Daga inda nake zaune ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin labulen.

Ana haka fari ya zo. Damina ta yi ƙarya, gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Mulkin soji ne, ba a ɗaga murya a kan hatsi, sai dai a ga motocin soji suna sauke buhunan jar dawar taimako, mata a layi tun da safe. Makiyaya suka shigo gari da ragowar dabbobinsu suna sayarwa kafin su mutu, har nama ya fi hatsi araha, abin da tsofaffi suka ce sun gani sau ɗaya a wancan farin na baya. Mutanen ƙauye da suka cika tituna, akan kwashe su a kai su zango a bayan gari. Don haka ranar da Babban Kawu, wan su mahaifiyata duka, wanda ya zauna a gonar kakanmu, ya iso da matarsa da jikoki, Kawu ya shigar da su cikin gida da sauri, ya ce duk wanda ya tambaya a ce ƴan gida ne.

Babban Kawu mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, kuma bai taɓa jin ciwon da ake cewa gero ne ke kawo shi ba. Daren farko Kawu ya rasa yadda zai yi, ya fito da kwanonsa ya ajiye a gaban yayansa don girmamawa. Ranar kopto ce. Babban Kawu ya buɗe, ya duba, ya rufe.

"Wata nawa muna cin ganye a gida," ya ce. "Na zo birni ka tarbe ni da ganye?"

Kowace shekara bayan girbi yakan aiko wa Kawu damin gero daga gonar mahaifinsu. A bana babu dami. Abin da ya rage shi ne ɗan iri a jakar fata, wanda ya hana jikokinsa a hanya. Daga ciki ya ɗebi kaɗan ya ba matarsa ta daka ta yi fura. Aka kawo ƙwaryar ƙofar gida da la'asar, mutane na zaune. Ya sha ludayi ɗaya, ya cika, ya miƙa wa ƙanensa.

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Na ga ya kai shi kusa da hanci. Sannan ya mayar cikin ƙwaryar.

"Yaya, an hana ni."

"Wa ya hana ka?"

"Lokotoron asibiti."

"Lokotoron ya girme ni ne?"

"Ba haka ba ne, Yaya. Ciwo ne."

"Geron ubanka ne ciwo?" Bai ɗaga murya ba. "Na sha a gabanka. Ko kana ganin na zuba maka wani abu?"

Kowa ya sunkuyar da kai. A wajenmu, wanda ya mayar da ludayin ɗan'uwansa a gaban jama'a abu ɗaya yake faɗa, cewa yana tsoron sammu. Babban Kawu ya ci gaba, ya ce shi ba makaho ba ne, hancinsa ma yana aiki. Yana ganin kwano a rufe yana shiga bayan labule, yana jin ƙamshin nama, jikokinsa kuwa suna lasar jar dawa. Ya ce idan birni haka yake mayar da mutum, gara zangon bayan gari.

Washegari Kawu ya ce wa Inna daga yau namansa da ƙwansa a zuba a tukunyar kowa. Ta yi faɗa, ya ce magana ta ƙare. Ya koma ganye zalla, shi ma kaɗan, don yakan kira ƙaramin jikan ya ba shi rabi. Allurar kuwa bai taɓa ta ba, yana yin ta daidai yadda aka rubuta masa lokacin da yake ƙoshi. Ƴar takardar fitsari ba ta ce komai ba. Tana nuna hawan sukari ne, ba ta nuna faɗuwarsa.

Ina makaranta abin ya faru, da hantsi. Inna da taubashi ne suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Kawu yana shirin fita shago sai gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa. Ya fara magana ba kai, ya kira Inna da sunan mahaifiyarsa, ya zagi taubashi zagin da ba na wasa ba, sannan ya zame a jikin bango. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Taubashi yana dafa shayi a ƙofa, ya rugo da ƙaramin kofi. Inna ta buge shi daga hannunsa.

"Da sukari a ciki! Kashe shi za ka yi?"

Shekara biyu tana gadinsa daga sukari. Ta kori mai alewa daga ƙofa, ta daina sayen rake ko don kanta. Gargaɗin likita na ranar farko ya daɗe da nutsewa a ƙarƙashin wannan gadin, kuma ba ita kaɗai ba, duk unguwar abu ɗaya ta sani, cewa zaƙi guba ne ga mai gidan nan. Suka kewaye shi suna fifita, kowa yana tsare shi daga abin da zai tashe shi.

Babban Kawu ne ya ture su. Ya durƙusa ya dubi fuskar ƙanensa, ya ce, "Na ga wannan fuskar a hanya. Yunwa ce." Ya ɗauko kunun da aka dama wa yara, wanda matarsa ta ɗan sa wa sukari don su yarda su sha. Inna ta riƙe masa riga tana kuka, tana cewa, "Yaya, don Allah, Yaya." Bai saurare ta ba. Ya tallafe kan Kawu a cinyarsa ya riƙa ba shi da ludayi. Allah Ya sa yana iya haɗiya, don da ya wuce nan da kunun ya shaƙe shi. Can gumin ya tsaya. Kawu ya buɗe ido ya ce me ya tara mutane a kansa, wani ne ya mutu?

Na dawo na tarar gidan ya zama na Babban Kawu. Ya ce hatsi ya tashe shi a gaban idon kowa. Na daure na yi magana a gaban manya, abin da ban saba ba. Na ce ba rashin gero ne ya kayar da shi ba, allura ce ta fi abincin yawa, jakuna sun zo ba su tarar da kaya ba sai suka kwashe har abin da jini ke buƙata. Babban Kawu ya saurara har na gama.

"Ɗan lekol, yana cin me ya faɗi?"

"Ganye."

"Ya sha me ya tashi?"

"Kunu."

"To."

Aka yi dariya, har da Inna da idonta bai bushe ba.

Da safe muka je asibiti. Likita ya yi faɗa sosai, ya rage allurar, ya ce ya koma namansa da ƙwansa, ya ƙara ɗan hatsi kaɗan a aune, kuma kada ya sake canza abinci bai faɗa ba. Da muka fito Kawu ya ce mu taka zuwa gada. Kogin ya janye har mutane suna ƙetarewa da ƙafa a ƙasa, jiragen masunta a kife a kan yashi. Muka tsaya muna kallo. Ya ce yau da magariba zai koma akushi.

Na ce, "Kawu, kunun bai warkar da kai ba."

"Na sani."

"Allurar ce ta yi yawa."

"Na ce na sani. Ni nake tsira ta a cinyata, ba kai ba."

"In ka koma tuwo sukarin zai hau. Kuma allurar ba kullum ake samunta ba yanzu."

Ya daɗe yana kallon wata mata da ke ƙetare yashin da itace a kai. Sannan ya ce, "Ka taɓa jin ƙarar taunarka? Ni shekara biyu ina jin tawa. A bayan labulen nan ba abin da ake ji sai ita, da dariyar mutane daga waje." Ya gyara hula. "Yayana ya ɗora kaina a cinyarsa. Rabon da ya yi haka tun ina bin awaki. Yau in ce masa me?"

Ina da bayanin jini da tsoka, amma ba shi yake tambaya ba.

Bai koma da ganganci ba, wannan ina so a sani. Ya ƙirƙiro wata dabara. Sai ya gutsuri tuwo ɗan ƙarami, ya yi ta murza shi a tafin hannu yana hira, ya yi masa rami da babban yatsa, ya ɗebo miya ya shanye miyar, ya mayar da lomar ya sake ɗebowa. Da loma kaɗan sai ya kai ƙarshen akushi tare da kowa, hannunsa na shiga yana fita. Ni da na san abin da nake nema ne kaɗai na gane. Amma Babban Kawu manomi ne, ya san yawan abin da ke raguwa a gaban kowa. Yakan tura masa tuwo da gefen hannu ya ce, "Ci, kada ka sake faɗo mana." Da safe kuma ga ludayi, kuma ludayin nan ba ya mayaruwa sau biyu.

Ƴar takardar ta fara canza launi. Likita ya ƙara allurar. Wani lokaci a samu a farmasi, wani lokaci a ce sai kaya sun iso. Moɗa ta dawo kusa da keken ɗinki.

Dole kuma in rubuta ɗaya gefen, tunda na ce gaskiya zan faɗa. Muryarsa ta dawo. Ya koma daka wa masu wucewa tsawa. Shi da yayansa sukan zauna bayan an ɗauke akushi suna lissafa rijiyoyin ƙauye da waɗanda suka haƙa su, suna musu a kan wata saniya da ta mutu kafin a haife ni. Taubashi ya ce ya yi asarar akuya, yanzu sai ya nemo masa wani suna, suka kwana uku suna cinikin sunan.

Da ruwa ya sauka Babban Kawu ya ɗauki jakar irinsa da iyalinsa suka koma. Ni da Inna muka ɗauka shi ke nan, za a koma ƙaramin kwano. Inna har ta wanke shi. Kawu ya cire labulen daga zaure ya tafi da shi shago, ya dawo da shi ya zama rigunan matashin kai.

Ajalin ya zo ta ƙafa. Ya taka allura a shago bai ji ba, sai da yamma Inna ta ga jini a takalmi. Ciwon ya ƙi rufewa. Aka yi ta wankewa, aka kwantar da shi, zazzaɓi ya shiga. Ya rasu da safe, bayan an gama girbi, Inna na riƙe da hannunsa, ni ina waje ina neman mai jinya. Daga baya na tambayi likita ko da ya zauna a kan ganye da nama da yanzu yana nan. Ya ce hawan sukarin ya hana ciwon warkewa, wannan tabbas ne. Amma ba zai rantse a kan sauran ba, don cutar ta daɗe tana cin jijiyoyin ƙafarsa tun kafin ranar da ya fara zuwa.

Babban Kawu a rediyo ya ji, cikin sanarwar rasuwa, kuma kafin ya samu mota an yi addu'ar bakwai, an naɗe tabarmi. Ya kwana biyu a gidan da ya yi shiru. Ya je kabari, ya gaishe da Inna daga bakin ƙofa. Ni na raka shi tasha. Muna zaune a kan benci ana ɗaure kaya a saman mota, sai ya yi magana bai dube ni ba.

"Ɗan lekol. Hatsin nan ne ya kashe shi?"

Na ce, "Kunun ranar nan shi ya cece shi. Wannan ba shakka."

"Ba shi na tambaya ba. Na bayan nan."

Na so in ce a'a. Tsoho ne, ga hanya mai nisa a gabansa. Amma ya tambaye ni ne don ya san ba na iya ƙarya.

Na ce, "Ya taimaki ciwon. Sai dai ya san haka kafin ya zauna. Likita ya gaya masa, ni ma na gaya masa."

"Ya sani?"

"Ya fi mu sani duka."

Yaron mota ya fara kiran mutane. Babban Kawu ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya kamar ya manta inda za shi.

"Ni na ɗauka na kayar da shi a gardama ne," ya ce. "Ashe ba yarda ya yi da ni ba. Zama ya yi da ni."

Ya shiga mota ya zauna a jikin taga, fuskarsa na kallon ɗaya gefen. Na tsaya har suka fita daga tasha, sannan na taka zuwa Talaje da ƙafa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya ba Inna haƙurin gidan da ya yi mata faɗi. Ya saukar da shi inda ba a ware wa kowa kwano.